Ku Ce Wa Wancan

Kwandasta ya buga gefen motar ya ce saura mutum biyu, Tasi'u ya ja da baya ya bar mahaifiyarsa Hure ta fara shiga. Akwai gurbi biyu a jere a kujerar tsakiya, amma Hure ta wuce su kamar ba ta gani ba. Ta sunkuya ta kutsa can ƙuryar baya, ta matse tsakanin buhun barkono da wata mata mai goyo. Shi kuma ya zauna a bakin ƙofa. Babu wanda ya tsara musu haka. Shekararsa arba'in da ɗaya a duniya, bai taɓa zama kafaɗa da kafaɗa da ita ba.

Tasi'u ɗan fari ne. A ƙauyensu na Dokar Malam, gabas da Ɗambatta, wannan ba ƙaramar magana ba ce, balle a wajen mace irin Hure, wadda ta riƙe kunyar ɗan fari kamar da ita aka saukar da farillan alwala. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Tana yaye shi aka miƙa shi gidan kakarsa, gida uku tsakani, can ya tashi yana jin ƙannen babansa suna ce mata Yaya, shi ma ya bi sahu. Ƙannensa su ce Inna su haye cinyarta, shi kuwa Yaya yake cewa, daga bakin ƙofa. In tana da magana da shi sai ta dubi duk wanda ke kusa ta ce, "Ku ce wa wancan gero ya ƙare." In babu kowa a kusa, sai maganar ta jira. Matan gari suna yabonta a kan haka, har a nuna ta ga amare a ce su koya.

Yana ɗan shekara bakwai ya taɓa tambayar kakarsa me ya sa Yaya ba ta san sunansa ba. Tsohuwar ta yi dariya har sai da goro ya sarƙe ta.

"Ta sani mana, ɗan nema. Za ta kira ka, ran da ta gama da duniya za ta bar maka wasiyya. Kada ka yi gaggawa."

Motar ta hau kwalta. Damina ta yi tsakiya, gero ya rufe ko'ina tun daga bakin titi har gindin katangun gidaje, sai dai bana ganyensa ya yi fari-fari, don ba kowa ne ya iya sayen takin zamani ba. Tun da mai ya yi tashin da ya yi, direbobi suka koma kashe inji a gangara, motar ta riƙa tafiya shiru kamar mai saɗaɗa. A cikin irin wannan shirun ne warin ya fara isowa gaba.

Hure ta yi iyakar ƙoƙarinta. Ta naɗe wajen ciwon da tsumma biyu, ta turara mayafinta tun da safe. Amma zafin mota ya fi ƙarfin turare. Mai goyon ta juyar da fuskar ɗanta, ta ja gilashi. Wani dattijo mai hula zanna ya tsuke hanci ya ce da kwandasta, "Kai, ɗanyar fata ka loda mana ne a but?"

"Wallahi Alhaji barkono ne kawai da kaji."

Tasi'u ya kafa wa gonaki ido. Ya san warin nan, kuma ba yau ya fara jin sa ba. Duk Juma'a in ya taso daga rumfarsa ta awon hatsi yakan biya ya ajiye mata cefane, ya tsuguna a bakin ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, ita kuma ta amsa tana kallon bango. Tun kafin shuka ya lura ta daina daka. Ya ga tana ɗaukar buta da hagu, hannun dama a manne da jiki. Daga baya warin ya biyo. Ya koma gida ya kasa cin tuwo, amma bai tambaya ba. Ta wane baki namiji zai tambayi uwarsa abin da ke ƙarƙashin zanenta?

Sai da Zulaihatu, autarsu, ta dawo gida goyon ciki, ta tarar da tsumman da ake wankewa a ɓoye a bayan rumbu. Ihun da ta yi ne ya tara maƙwabta. Ita ta ja uwar zuwa babban asibiti a Kano da tsohon cikinta, aka ɗauki hotuna, aka yanki ɗan nama, aka ce su dawo bayan sati uku. Kawu Yuguda, ƙanen Hure, ya yi faɗa kamar zai ari baki, ya ce kowa ya san ciwon daji ba ya son ƙarfe, ana taɓa shi da wuƙa ko allura yake bazuwa. Yau ce ranar karɓar sakamako. Zulaihatu kuwa kwananta huɗu da haihuwa. Ƙannen Tasi'u maza biyu suna Legas suna acaɓa, mahaifinsu Malam Nababa shekara shida da rasuwa, Nana kuma, matar Tasi'u, ta tsaya hura wutar ruwan wankan mai jego. Aka duba aka duba, ba a samu ɗan rakiya ba sai wancan.

Sun isa asibiti da hantsi, ba su ga likita ba sai wajen sha biyu. Dakta Sakina yarinya ce, ba za ta girmi Zulaihatu da yawa ba, idanunta sun yi ja don gajiya. Ta buɗe fayil ta dubi Hure.

"Mama, sannu da zuwa. Tun yaushe kika fara jin ƙullutun?"

Hure ta dubi ƙafafunta.

"Mama? Yana miki ciwo da dare? Akwai wanda ya taɓa irin wannan a danginku?"

Likitar ta juyo kan Tasi'u, wanda ya rakuɓe a jikin ƙofa yana murza hularsa.

"Ba ta ji ne?"

"Tana ji, likita."

"To kai ka faɗa min. Tun yaushe?"

"Ban sani ba."

"Kai ne ɗanta?"

"Ni ne."

"A gari ɗaya kuke?"

"Gida uku ne tsakaninmu."

Ta ajiye biro. "Gida uku. Malam, abin nan da na gani a rubuce ba jiya ya fara ba. Kuna ina har ya kai haka?"

Wata nas dattijuwa da ke jera kayan wanke ciwo a gefe ta ɗago ta dubi uwar, ta dubi ɗan, ta ga yadda kowa ya ba wa ɗan'uwansa ƙeya.

"Malam, kai ne na fari?"

"Ni ne."

"Ai shi ya sa. Dakta, ko kwana za mu yi a nan ba za ta yi tari ba in yana tsaye. Fita ka jira a waje."

Ya fita ya jingina da bango. Ta cikin ƙofar yana jin muryar mahaifiyarsa ƙasa-ƙasa, tana magana ba tsayawa, irin doguwar maganar da bai taɓa ji daga bakinta ba sai ta bayan katanga. Bayan kusan rabin awa ta fito, ta raɓa shi ta wuce, nas ɗin ta yafito shi.

Dakta Sakina ta sassauto. Ta nuna masa kujera.

"Kansar nono ce, abin da kuke kira ciwon daji. Ta kama na dama, ta kai ƙarƙashin hammata. Abin da ya yi mana daɗi shi ne hotunan ba su nuna ta shiga huhu ko hanta ba. Za mu fara da magani ta ƙarin ruwa, duk bayan sati uku, don ƙullutun ya motse. Gashinta zai zube, za ta yi amai, za ta galabaita. Bayan nan a yi tiyata a cire nonon gaba ɗaya."

Tasi'u ya sunkuyar da kai kamar shi aka tuɓe.

"Za ta warke?"

"Ba zan yi maka alkawari ba, warkarwa ta Allah ce. Amma na ga waɗanda suka zo a haka suna nan shekara biyar, shekara bakwai, suna aurar da jikoki. In kuma aka bar ta yadda take, ba na jin za ta ga daminar baɗi. Kuma ba tafiya ce mai sauƙi ba, kai ma ka ji warin."

"An ce ba ya son ƙarfe."

"An faɗa. Masu faɗar ba sa zuwa nan su ga waɗanda suka saurare su." Ta turo masa wata takarda. "Akwai wata ƙungiya da ke ɗaukar nauyin maganin mutum kaɗan, kuma gurbi ɗaya ya buɗe na ranar Alhamis. Na sa sunanta da fensir. Bara mu shida ne a sashen nan, yanzu mu biyu muka rage, in gurbin nan ya wuce ta ban san ranar da wani zai samu ba. Ƙarfe biyu zan miƙa sunaye. Abin da ya rage ta dangwala yatsa a nan."

"To a kira ta ta dangwala."

"Ta ce a'a. Na yi, Sista ta yi, ta ce a'a. Kuma jikinta ne, ba mai sa hannu a madadinta." Ta dube shi. "Ka je ka zauna da ita ka yi mata magana. Kai ɗanta ne, za ta ji taka."

Saura kaɗan ya yi dariya. Ya karɓi takardar ya fito.

Ya same ta a harabar baya, inda aka jera bencina a ƙarƙashin wata darbejiya don masu jiran ƙarin ruwa. Tana zaune a ƙarshen benci, ta ja mayafi har goshi. Ya tsaya daga ɗaya ƙarshen da takarda a hannu. A kasuwa Tasi'u ba ya rasa baki, yakan tsaya da dillalin kasuwar Dawanau su yi awa guda suna ja-in-ja a kan buhu ɗaya. A nan kuwa ya buɗe baki sau biyu, iska ce kawai ta fito. Agogon wayarsa ya nuna ɗaya saura kwata.

A tsakiyar bencin akwai wata mata baƙa siririya, tana tsotsar lemon tsami tana yatsina fuska. Ɗankwalinta ya zame kaɗan, babu ko silin gashi a ƙarƙashinsa, faratanta sun yi baƙi. Ta dubi Hure sama da ƙasa, ba ta ko kau da hanci ba.

"Baiwar Allah, naki wanne ne, dama ko hagu?"

Hure ta amsa a hankali. "Dama."

"Nawa hagu ne. Ya tafi tun ƙaramar salla." Ta bubbuga ƙirjinta. "Tsumma na cusa. Malam har yau in ya shigo sai ya tsaya yana lissafin wanne ne na gaskiyar. Sunana Huseina, daga Tofa. Ku fa?"

"Ɗambatta."

"Ayya, ashe da sauran wahala a gabanku ko kun warke." Ta juyo ta ga Tasi'u yana neman inda zai sa idonsa. "Wannan dogon kuma da ya tsaya mana a kai kamar mai karɓar haraji, naki ne?"

Hure ta kau da kai. Huseina ta sake duban su, ta cire lemon daga baki.

"Au, na fari ne. To, Allah ya kawo ku gidan waya. Malam, faɗi saƙonka."

Tasi'u ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka. Ya matso, ya tsuguna ta gefen Huseina.

"Hajiya, don Allah ki ce mata..."

"Wace Hajiya? Ni ko Kaduna ban taɓa zuwa ba. Ce min Iya."

"Iya, ki ce mata likita ta ce in an fara jibi akwai rabon a daɗe. Ki ce mata yatsa kawai za ta dangwala."

Huseina ta juya. "Kin ji."

Hure ta gyara mayafi, ta yi magana tana kallon gindin bishiyar. "Ki ce wa wancan akwai mai jego a gida, kwananta huɗu. Haihuwar fari ce. Sai an yi arba'in."

"Ki ce mata Nana za ta yi wankan."

"Ki ce masa Nana ba ta san zafin ruwa ba. Shekaranjiya da na taɓa, ko kaza ba zai fige ba. Ina raye ba zan bar 'yata ta koma ɗakin miji da ɗanyen jiki ba."

"Ki ce mata likita ta ce arba'in ta yi nisa. Gurbin ba zai jira ba."

"Ki ce masa Goggonsa Zuliha ma gurbi aka ba ta. A garin nan aka yanka ta, ni na yi jinyarta. Aka dawo mana da ita rabi, ba ta cika wata uku ba."

Huseina ta daina isar da saƙo, ta shiga maganar da kanta. "Ita Zulihar yaushe aka kawo ta? Ba sai da ya fashe ya gama cin ta ba?"

"Nawa ma ya fashe."

Huseina ba mai ƙarya ba ce, ko don ta taimaki wani. Ta jujjuya ɓawon lemon a hannunta.

"Nawa bai fashe ba, gaskiya. Ran da na ji shi a wanka, ran nan na nuna wa 'yata. Amma akwai wata 'yar Bichi da muke layi tare, nata ya fi naki, ga ta can tana sayar da awara. Ke tun yaushe kika ji naki?"

"Wannan ce damina ta biyu. Da farko kamar ƙwayar gurjiya."

"Damina biyu! Ba ki faɗa wa kowa ba?"

"Wa zan faɗa wa? Autar tana gidan miji a Ringim, mazan suna Kudu. Yuguda na faɗa wa matarsa, ta kawo min ƙulli na shafa, shi ne ya buɗe bakin." Ta ci gaba da murya ƙasa-ƙasa. "Mutum ɗaya ne yake zuwa duk Juma'a. Sau uku ina ɗaura niyya. Akwai ranar da har na buɗe baki, babu kowa a gidan sai ni sai shi. Na dubi bango, na ce a gaida yara."

Tasi'u ya tuna ranar. Ya tuna ta ɗan ja numfashi kamar mai shirin magana, shi kuma ya yi sauri ya miƙe don kada ya takura ta. Har ya yaba wa kansa a hanya cewa shi ɗa ne mai ladabi.

"Iya," ya ce, "ki ce mata ni ma na sani. Na ga tana ɗaukar buta da hagu. Na ji warin tun kafin shuka. Na koma gida na yi shiru."

Huseina ta dubi wannan, ta dubi waccan. Wasan ya bar fuskarta.

"Wannan ba zan isar ba, ta ji da kunnenta. Kai, Allah ya shirye ku ku biyun. Ke kina kunya, shi yana ladabi, abu yana cin ki a tsakani. Ni ma ina da ɗan fari, ban taɓa kiran sunansa ba, amma da ya tsaya min a kai yana kallo da na jefe shi da murfin kwano."

Daga bakin wata ƙofa aka ɗaga murya. "Huseina Muntaka! Huseina Muntaka, Tofa!"

Ta miƙe da ƙyar, ta dafa benci, ta gyara tsumman ƙirjinta. Tasi'u ya miƙe shi ma.

"Iya, don Allah minti biyar."

"Tun asuba nake layin nan, ɗana. In na rasa shi sai wani satin." Ta dafa kafaɗar Hure ta hagu. "'Yar'uwa, abin da wuya, ba zan ɓoye miki ba. Akwai ranar da za ki ce gara mutuwa. Amma jiya ni na yi wa jikata kitso. Ga ki, ga shi. Gidan waya ya tashi."

Ta tafi tana jan silifa. Tsakiyar bencin ya zama fili.

Aka kira sallar azahar a masallacin asibitin. Mutane suka rage a ƙarƙashin bishiyar. Tasi'u ya duba waya, ɗaya da rabi ta wuce. Ya waiwaya ko zai ga wata tsohuwa, ko mai shara, ko ma waye da za a ce masa ya ce mata. Babu kowa sai wani mutum da ke barci a kan tabarma da katin asibiti a kan fuskarsa.

Ya zagayo ta gabanta. Ya durƙusa a ƙasa, gwiwoyinsa a cikin busassun ganyen darbejiya, kusa da ita har warin ya cika masa hanci. Ta kau da kai.

"Inna."

Kalmar ta fito masa wani iri, kamar ya sa rigar wani. Kafaɗunta suka motsa.

"Inna, ni ne nake magana, ba aike ba ne. Ki bari a yi maganin nan. Ki bari a cire nonon." Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, amma ya ci gaba. "Ni zan riƙa kawo ki duk sati uku. Zan rufe rumfar. Wankan Zulaihatu zan ɗauko ungozoma daga Ɗambatta, ke ki zauna a kujera ki riƙa taɓa ruwan. Kawu Yuguda ki bar ni da shi. Ban taɓa roƙon ki komai ba tun da aka haife ni. Ko ruwa ban taɓa cewa ki ba ni ba. Yau ina roƙo. Ina tsoro, Inna. Ba na so ki mutu."

Ya miƙa mata takardar.

Hure ta juyo a hankali ta dube shi, ido cikin ido. Bai taɓa ganin fuskarta daga gaba a kusa haka ba. Ashe akwai ɗan tabo a ƙasan idonta na hagu. Ashe idanun 'yarsa ta biyu nata ne. Ta dube shi tun daga hula har gemu, inda furfura ta fara fitowa, kamar mai duba gonar da aka ba wa wani aro shekara da shekaru.

"Tasi'u," ta ce.

Ta faɗe shi daidai, ba gargada, kamar wadda ta saba faɗarsa ita kaɗai.

Ya yi shekaru yana tunanin yadda zai ji a wannan rana. Yana yaro ya zaci zai yi tsalle. Yanzu da ta zo, sanyi ne ya ratsa shi tun daga tafin ƙafa, don muryar kakarsa ce ta dawo masa, da dariyarta da goronta.

"Tasi'u, ka yi abin da ɗa yake yi. Na ji, kuma na yafe maka shirunka, kai ma ka yafe min nawa. Amma ni na san jikina. Na ga hanyar da Zuliha ta bi, ba zan bi ta ba. Kwana talatin da shida suka rage wa yarinyar nan, ina so in yi su da hannuna, a ɗakina. Abin da ya biyo baya na Allah ne."

"Inna, likita ta ce..."

"Na ji abin da ta ce, yarinyar kirki ce. Ka mayar mata da takardarta a ba wa wata mai ƙananan yara." Ta ɗora hannun hagu a kan hularsa, ta gyara mata zama. "Akuyar nan ja ta Nana ce. Filin bayan gida kada ku raba shi, ku bar wa Zulaihatu ko za ta dawo wata rana. Tashi, mutane suna kallo. Kai ni gida."

Ya sake roƙo. Ya kawo maganar 'yar Bichi mai awara, ya kawo ta jikoki, har ya ce zai kira su Legas su yi mata magana. Ta saurare shi har ya gama, ba ta kau da kai ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi komai tsorata shi. Da ya duba waya, biyu ta wuce da minti huɗu.

Nas ɗin dattijuwa ce ta karɓi takardar. Ta duba inda babu yatsa, ba ta tambaye shi komai ba. Ta ɗauki abin goge fensir ta goge suna ɗaya a jikin jerin, ta hure ƙurar. Ta rubuta masa maganin rage zafi da na wanke ciwo, ta ce in ta canza shawara ƙofa a buɗe take, sai dai gurbin Alhamis ya tafi.

A tashar Ƙofar Ruwa sun tarar da motar Ɗambatta ta kusa cika. Hadari ya haɗo daga gabas, masu talla suna ta kwashe kaya. Tasi'u ya ja da baya kamar kullum don ta wuce ƙuryarta. Hure ta hau, ta zauna a kujerar tsakiya, ta ɗora tafin hannu a kan gurbin da ke gefenta.

"Tasi'u, zo nan."

Ya shiga ya zauna. Kafaɗarta ba ta da nauyi ko kaɗan. Kafin su fita gari wani saurayi a baya ya fara tsaki yana neman a buɗe gilashi, Tasi'u ya juya ya dube shi sau ɗaya, saurayin ya yi shiru.

Ruwa ya sauko bayan sun wuce gidajen ƙarshe. Gonaki suka fara, kore har iyakar gani. Hure ta jingina da shi tana kallon waje.

"Tasi'u, ka ga geron can, bai sha taki ba."

"Na'am, Inna. Bai sha ba."

Aka ɗan yi tafiya.

"Tasi'u, yaran nan naka, babbar ajinta nawa yanzu?"

"Aji biyar, Inna."

"Tasi'u."

"Na'am."

Sunan kawai take so. Direba ya kashe inji a gangara, motar ta yi tsit sai ƙarar ruwa a kan rufi. Ta sake kira, ya sake amsawa. Yana amsawa yana roƙon Allah a ransa ta daina, ta juya wa taga fuska, ta nemi wani a cikin motar nan ta ce masa ya ce wa wancan.